Ba Kowane Haɗi Ne Gambiza Ba: Fashin Baƙi Daga Zangon Kumasi

Bara wani surukina ya zo mana daga Kano, karonsa na farko a ƙasar Gana. Da gari ya waye na ja shi wurin mai waakye da ke bakin titi a unguwar Aboabo ta Kumasi, inda nake saye tun ina yaro. Ya tsaya yana kallon hannun matar. Ta shimfiɗa ganye, ta zuba shinkafa da wake da suka yi jawur, ta ɗora taliya, ta barbaɗa garin rogo da aka jiƙa da mai, ga dafaffen ƙwai, ga ganda, ga soyayyen kifi, ta kwarara miya, sannan ta ɗiga baƙin yajin nan da ake kira shito a gefe. Sai ya sunkuyo ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Wannan ai haɗin gambiza ne." Ashe ta ji. Dattijuwa ce, duk unguwa Mma ake ce mata. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Alhaji, ba gambiza ba ne. Haɗi ne. Ci ka ji."

Ya ci, har ya nemi ƙari. Ni kuwa maganarta ce ta tsaya mini a rai. Abu ɗaya suke kallo su biyun, ganye guda mai ɗauke da abinci kala takwas, amma kalmar da ya zaɓa zargi ce, wadda ta zaɓa kuwa yabo. A Hausa da wuya ka ce an haɗa abu da abu ba tare da ka yanke hukunci a kan haɗin ba. Kalmar da ka ɗauko ita za ta faɗi ko abin busasshe ne ko mai ruwa, ko za a iya raba shi ko ya zama ɗaya har abada, ko gwani ne ya yi ko ɗan koyo, ko da gaskiya aka yi ko da ha'inci. Mu da muke zaune a Zango, wato unguwannin da fatake da baƙi suka kafa a garuruwan Gana, inda kusan komai namu haɗi ne, daga tukunya har jini har harshe, mun fi kowa bukatar sanin waɗannan kalmomi daki-daki.

Uwarsu duka ita ce haɗa. Ita ce mai faɗi, mai ɗaukar kowa, kuma ita kaɗai ce ba ta nuna son kai sai an jingina mata wani abu. Dubi yadda gaɓar jiki ke juya ma'anarta. Haɗin kai alheri ne, shi ake roƙo a kowane taro. Haɗin gwiwa aiki ne na mutum biyu ko ƙungiya biyu da kowa ke riƙe da sunansa. Haɗin baki kuwa makirci ne, ba a yin sa sai don a cuci wani. Kai, gwiwa, baki: jiki ɗaya, amma na farko a masallaci ake wa'azinsa, na ƙarshe a kotu ake tuhumarsa. Mai shayi yana haɗa shayi, mai magani yana haɗa magani, iyaye suna haɗa aure, munafuki yana haɗa faɗa. Samari kuma in abu ya burge su sai su ce ya haɗu, ko haɗaɗɗe ne, wato duk abin da ake nema a jikinsa ya taru, babu abin da ya rage. Da wannan ma'anar Mma ta yi magana. Ƙanwar haɗa ita ce gama, wadda ta fi yawa a bakin Sakkwatawa da Katsinawa, shi ya sa za ka ji gamin baki da gamin gambiza, kuma daga gare ta aka samo gamayya.

Daga nan sai gauraya, wasu su ce garwaya. Wannan ta abubuwa masu ƙwaya ce: gero da dawa, shinkafa da tsakuwa, awaki da tumaki a garke, mutane a kasuwar Kejetia ranar Asabar. Sirrin gauraye shi ne kowace ƙwaya tana nan da kamanninta. Gero bai zama dawa ba don sun kwana a buhu ɗaya. Saboda haka Hausa ta tanadi kalmomin warware shi: a tsince, a rege, a sheƙe, a bakace, a tankaɗe, a ware. Duk macen da ta taɓa zama da ƙwarya tana rege shinkafar gida ta san gauraye yana da magani, haƙuri kawai yake ci.

Cakuɗa kuwa tana da ɗan ɗaci a baki. Ana cakuɗa abin da ya kamata a ce yana rabe. Takardun ofis sun cakuɗe, lissafin adashi ya cakuɗe, takalma sun cakuɗe a ƙofar masallacin Juma'a. Malamai ita suke ɗauka in suna maganar cakuɗuwar maza da mata a biki, ita kuma ake yawan ji a tafsiri in an zo aya ta 42 ta Suratul Baƙara, inda aka hana cakuɗa gaskiya da ƙarya. In abin ya yi tsanani sai ya zama cakuɗeɗeniya, ko a ce ya cukurkuɗe kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Yamutsa, hargitsa, hautsina da birkita duk 'yan ɗakinta ne, sai dai su sun fi nuna ƙarfin hannun da ya yi ɓarnar. Ba zan daɗe a kansu ba, don kowa ya san su.

Inda nake so in zauna shi ne kan dama. Ba damar hannu ba, ba kuma damar da mutum ke samu ya yi abu ba. A rubuce kamarsu ɗaya, a baki kuwa kowace da muryarta. Ina nufin damun fura da kunu da koko. Kakata, Allah ya jiƙanta, tana da ƙwarya guda da ludayinta da ba a taɓa su sai don fura. Takan sa dunƙulen a tsakiya, ta ɗiga nono kaɗan, ta dinga danna shi da bayan ludayi tana jan sa jikin ƙwarya, ba ta ƙara nono sai wanda ta zuba ya shige. In yaro ya yi gaggawa ya tuttula nono gaba ɗaya sai ta karɓe ƙwaryar ta ce, "Kai jiƙawa kake yi, ba damu ba." Gaskiyarta. Furar da aka yi wa haka gudaji take yi, nono a sama, gari a ƙasa, kowa na harkarsa. Damu yana gamuwa ne lokacin da ba ka iya nuna inda gero ya ƙare nono ya fara. Kuma babu kalmar warware shi. Ana rege shinkafa, ana tsince wake, amma ba wanda ya taɓa tsince nono daga fura.

Daga wannan ƙwaryar Hausa ta ɗebo maganganu masu nauyi. In fura ta yi yadda ake so sai a ce ta damu. In zuciyar mutum ta rikice shi ma sai a ce ya damu. Kalma ɗaya ce. Damuwa ita ce halin wanda aka juya cikinsa kamar yadda ludayi ke juya ƙwarya, har ya kasa raba tunani da tunani. Wanda ya ce maka "kada ka dame ni", roƙonka yake kada ka sa masa ludayi a rai. Ta ɗaya gefen kuma ga "a dama da mu". Matan Zango da matasanta sun daɗe suna wannan kira, kuma shi aka yi ta maimaitawa lokacin da gwamnati ta kafa ma'aikatar raya Zango a 2017. Mai cewa a dama da shi ba kujerar baƙo yake nema a gefen taro ba, so yake hannunsa ya kasance a kan ludayin. In an ce wane ana damawa da shi, to ya shiga cikin masu juya al'amura. Ga kuma gargaɗin da iyaye ke yi wa ɗan da ya ƙi jin magana: yadda ka dama haka za ka sha.

Kowane irin juyi ma da sunansa da makaminsa. Tuwo tuƙa shi ake yi da muciya. Miyar kuka ko ayoyo kaɗa ta ake yi da maburgi. Ƙullun ƙosai bugawa ake yi har ya tashi. Zogale da rama kwaɗa su ake yi da ƙuli-ƙuli. Wanda ya ce ya dama tuwo ko ya tuƙa fura, ko a ina aka haife shi, za a gane bai zauna kusa da murhu ba.

Kwaɓa ta abu mai kauri ce, wanda ke kama hannu: fulawar pinkaso, garin ɗanwake, lalle, ƙasar gini, siminti. Aikin kwaɓi duk a ma'aunin ruwa yake. In ya yi kaɗan abin ba zai kama ba, in ya yi yawa ya lalace, kuma ruwan da ka zuba ba ya komawa tulu. Nan aka samo "kwaɓarsa ta yi ruwa", ga wanda ya ƙulla wata dabara ta watse masa a hannu. Nan kuma aka samo "al'amura sun kwaɓe" da "ya yi kwaɓa". Abin lura, Bahaushe bai ɗauki gauraya ya yi mata wannan aiki ba, ya ɗauki kalmar da kuskurenta ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Kwaɓar yaro don ya bar rashin ji wata kalma ce daban, kada a haɗa su.

Cuɗa ita ce mai taushin zuciya a cikinsu. Ana cuɗa nama da yaji, ana cuɗa wanki, ana cuɗa wa mutum baya a wurin wanka, inda hannunsa ba ya kai. Daga nan aka ce zaman duniya cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Cuɗanya kuwa ita ce shiga mutane, ka ci nasu su ci naka, ka je jana'izarsu su zo sunanka, alhali kowa na riƙe da addininsa da sunan kakansa. Lokacin da Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika na Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019, yana cika shekara 100, surutu ya tashi a Zango. Masu suka suka ce cakuɗa addini ne, masu yabo suka ce cuɗanya ce da maƙwabta. In ka saurara da kyau, duk gardamar a kan zaɓin kalma ɗaya ce cikin biyun nan. Ni ina tare da masu cewa cuɗanya, domin dattijon da rawaninsa ya shiga, da shi ya fito.

Sai kalmomi uku da aikin hannu a cikinsu kusan iri ɗaya ne, niyya ce ta raba su. Surka, ko sirka, ita ce ka zuba ruwan sanyi a na zafi don jiki ya iya ɗauka. Gyara ne, kuma a fili ake yin sa. Uwar gida takan surka shinkafa da wake don tukunya ta ishi yara, mai wa'azi yakan surka nasiha da labari don kada mutane su gaji. Algus kuwa, wasu su ce algushu, surki ne da aka ɓoye don a ci kuɗin mutum. Kalmar daga Larabci ta zo, kuma hadisinta sananne ne a cikin Sahihu Muslim: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Laifin ba jiƙewar ba ce, ɓoyewar ce. Kakanninmu fataken goro sun san wannan sarai, don babu abin da ke zubar da mutuncin dillali kamar a kwance huhu a Kano a tarar da manya a sama, masu sankara a ƙasa. Yau ma abin bai mutu ba. Ruwa a madara, narkakken sukari a zuma. A 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta gwada manjan da ake sayarwa a kasuwannin Accra, ta tarar mafi yawansa an zuba masa wani rini mai suna Sudan IV don ya ƙara ja, rinin da ba a yi shi don ciki ba. Jan waakye ma ai rini ne, amma na karan dafi, ɓawon karan dawa da kowa ke gani yana iyo a tukunya. Ja biyu ke nan, ɗaya haɗi ɗaya algus.

Ta ukun ita ce gurɓata. A bakin tsofaffi ita da dagula kusan ɗaya suke: shanu sun shiga tafki sun tayar da laka. Amma yau gurɓata ta yi nauyi fiye da 'yar'uwarta. Dagulallen ruwa in ka bar shi zai kwanta. Wanda ya bi hanyar Dunkwa ya ga kogin Ofin, ko ya ga Pra da Ankobra da Birim yadda masu haƙar zinariya ta bayan fage, wato galamsey, suka mayar da su kalar koko, ya san wannan ya wuce dagulawa. Laka za ta kwanta wata rana, zaibar da ake wanke zinariya da ita kuwa tana nan cikin kifi da ƙasa.

Duk wanda ya yi karatun zaure ya riga ya san wannan rabe-raben tun yana yaro, ko da bai lura ba. A Ishmawi, babin ruwa yana farawa ne da cewa ruwa kashi biyu ne, wanda wani abu ya cakuɗa da shi da wanda bai cakuɗa ba. In najasa ce ta canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi, ya tashi daga aiki. In abu mai tsarki ne da za a iya kauce masa, kamar ƙullu, to a sha a yi girki, amma ba a alwala da shi. In kuwa abin da ya canza shi makwancinsa ne, laka ko gishirin ƙasar da yake gudana a kai, to yana nan da tsarkinsa, a yi alwala a yi salla. A riƙe wannan kashi na uku na ruwan da ya cakuɗu, zan dawo kansa.

Yanzu gambizar surukina. Haɗin gambiza asalinsa a tufafi aka fi jin sa: riga wata kala, wando wata, hula ba ta san da zamansu ba. Abubuwa ne da aka tara su ba don sun dace ba, sai don babu yadda za a yi. Daga nan 'yan jarida suka ɗauke shi suka ba gwamnatin da jam'iyyu masu saɓanin ra'ayi suka kafa. Lokacin da ACN da CPC da ANPP suka dunƙule suka zama APC a Najeriya a 2013, masoya maja suke cewa ko haɗaka, 'yan hamayya kuwa gambiza. Hatsin bara ya fi shi sauƙi. Almajiri in ya dawo yawo, ƙoƙonsa akwai gero daga wannan gida, dawa daga wancan, masara daga na gaba, don haka duk abin da aka tsinto daga nan da can, littafi ne ko shiri ko taron mutane, hatsin bara ne. Babu zagi sosai a ciki, tausayi ma ya fi yawa. Tarkace da komatsai su ne tarin da ba shi da daraja. Dafa-duka kuma, wato jalof, ta fita daga tukunya ta zama sunan duk aikin da aka yi shi a dunƙule ba a bi shi ɗaya-ɗaya ba.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne wake da shinkafa. A siyasar Arewacin Najeriya in mutum ya zaɓi jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa ya yi sak. In ya ba shugaban ƙasa na wannan jam'iyya, ɗan majalisa na waccan, ya yi wake da shinkafa. Mu a Gana abin nan siket da bulawus ake ce masa. Can sun ɗauko daga tukunya, nan daga akwatin tufafi. An ga aikinsa a zaɓen 2020: Nana Akufo-Addo na jam'iyyar NPP ya ci kujerar shugaban ƙasar Gana, amma a majalisa NPP ta sami kujeru 137, NDC ta hamayya ita ma 137, ga ɗan takara mai zaman kansa guda, har aka wayi gari Alban Bagbin na jam'iyyar hamayya ne kakakin majalisa. Kalmar Hausar ta fi dacewa a ganina, domin wake da shinkafa abinci ne da mutum ke zaɓa da gangan don ya fi riƙe ciki, ba kuskuren shiga ba ne. A launi ma akwai wake-wake, ga kaza ko zane mai fari da baƙi, ga kuma roɗi-roɗi da dabbare-dabbare.

Abin yana zama da zafi in an zo kan mutane. Ruwa biyu ake ce wa wanda iyayensa suka fito daga jinsi biyu, kuma yawanci babu cin fuska a ciki. Barbarar yanyawa kuwa zagi ne tsagwaronsa. Barbara ta dabbobi ce, yanyawa kuma ƙaramar dabbar dawa ce dangin dila. Wanda ya jefi ɗan'adam da wannan ya fitar da shi daga sahun mutane. Na taɓa jin an faɗa wa wani yaron unguwarmu ita a wata tashar mota a Arewacin Najeriya, saboda ya ce "mace ya zo". Yaron jikan mahaddacin Alƙur'ani ne. Shiru ya yi, amma har muka iso gida bai ƙara buɗe baki da Hausa a gaban baƙo ba.

Wa zai ce shi ruwa ɗaya ne a Zango? Kalmar kanta masaukin ayari take nufi. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja neman goro, kuma Turawan da suka zo Kumasi a 1817 sun tarar da Musulmi a fadar Asantehene, sarkin Asante. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, a 1892, 'yan kasuwarta suka bazu zuwa Kete Krachi da Yeji da Accra da sauran wurare, sannan bayan Ingila ta kama Kumasi a 1896 Zangon nan ya fara cika. Bahaushe ya sauka, Bamoshe ya sauka, ga Dagomba, Wangara, Zabarmawa, Fulani, Kotokoli, Busanga, Gurunshi, Barebari, Yarbawa. Suka yi salla sahu ɗaya, suka auri juna, suka auri 'ya'yan Asante masu masaukinsu, Hausa ta zama harshen tsakar gida ko ga wanda kakansa bai taɓa ganin Kano ba. A Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango ka tambayi yaro ƙabilarsa, sau da yawa sai ya lissafa maka uku.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Gana ta Firayim Minista Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Waɗanda suka tsara dokar sun ɗauka Zango gauraye ne, za a zuba a faifai a tsince baƙo a bar ɗan ƙasa. Ba su san an riga an dama ba. Mutumin da aka haifa a Kumasi, uwarsa 'yar Asante, ubansa ɗan Katsina, ina za a sa shi? Aka raba miji da mata, aka sayar da gidaje a wulaƙance, mutane suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da sunansu kawai suka sani. A 1983 Najeriya ta yi irin nata, ta koro 'yan Gana wajen miliyan guda. Tsofaffinmu har yau in suna ba da labarin shekarar Busia muryarsu sauka take yi.

To, Hausarmu ta Zango, wadda masana ke kira Gananci, wace kalma ce tata? Gaskiya ne mun saki bambancin namiji da mace a magana, shi ya sa yarinya "ya zo". Gaskiya ne ƙ da ɗ da ɓ sun narke a bakin yawancinmu sun koma k da d da b. Kyau ya zama cau, gyara ta zama jara, aboki ya zama aboci. Wake ma haka ya zama wace, Asante suka rubuta shi da ƙa'idar harshensu na Twi ya fito waakye, yau har a Landan da wannan suna ake sayar da shi. Koko da ƙosai da tuwon zafi duk sun shiga bakin ƙasar nan daga tukunyar matan Zango. Wasu 'yan'uwanmu na Najeriya suna kiran wannan gurɓatacciyar Hausa. Ban yarda ba. Gurɓataccen abu ya tashi daga aiki, ita kuwa da ita ake tafsiri a watan azumi, da ita ake ɗaura aure, da ita uwa ke rarrashin ɗanta. Ba algus ba ce, don ba mu ɓoye komai ba, ba mu kuma sayar wa kowa ita da sunan Kananci ba. Ruwan nan ne na kashi na uku, wanda ya ɗauki launin ƙasar da ya bi. Hausar Kano ma ai ta bi ta nata makwancin: kasuwa daga Barebari, ashana daga Yarbawa, mota daga Turawa, algus ɗin kansa daga Larabawa. Tsufa ne kawai ya sa ba a ganin gudajin.

Damuwata a wani wuri take. Aron kalma iri biyu ne. In yaro ya ce ya hau trotro, wato ƙaramar motar haya ta Gana, ya ƙara wa Hausa abin da ba ta da shi, wannan surki ne mai kyau. Amma yanzu a gidajenmu kalma ɗaya ta Turanci, miks, tana cinye kalmomi goma. A yi miks ɗin fura, a yi miks ɗin siminti, a yi miks ɗin ruwan wanka, yaron nan miks ne. Wani lokaci fra ta Twi ce ke yin wannan aiki. Yaron da ya tashi da miks kaɗai ba shi da bakin da zai raba surki da algus, ko cuɗanya da cakuɗa, kuma ranar da aka kira shi gurɓatacce ba zai sami amsar da Mma ta ba surukina ba. Wannan rashi ya fi rashin ƙ da ɗ ciwo nesa ba kusa ba, don harafi lafazi ne, waɗannan kuwa ma'auni ne.

Makon jiya mahaifiyata, wadda ƙafa ta fara hana ta fita, ta ƙwala wa 'yata kira daga ɗaki ta ce ta surka mata ruwan wanka. Yarinyar tana aji biyu a babbar sakandare, tana jin Twi da Turanci da Hausa. Ta tsaya riƙe da bokiti tana kallona. Na ce ta zuba na zafi tukuna, ta dinga ƙara na sanyi kaɗan-kaɗan tana sa gwiwar hannu, in ta ji jiki zai ɗauka ta tsaya, shi ne surki. Ta yi, sannan ta ce, "To Baaba, in na sanyin ya yi yawa fa, me ake cewa?" Kafin in buɗe baki kakarta ta amsa daga ciki: "Sai ki ce ya huce, ki koma murhu ki ƙaro na zafi."